Gunpei Yokoi: Mai gyaran inji da ya mayar da kayan kwantai dukiya

Da wuya a yau a samu garin da ya amsa sunansa a ƙasar Hausa wanda babu gidan gem a cikinsa. Daga Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, a miƙi hanyar yamma ta Rimin Gado zuwa Kabo da Gwarzo, ba a rasa ƙaramin shago mai talabijin biyu ko uku da janareta a bakin ƙofa, yara sun yi cincirindo, kowa na jiran a zo kansa ya biya kuɗi ya buga wasa na 'yan mintoci. A gefen hagu na abin da suke riƙewa a hannu akwai madannai huɗu da babban yatsa ke hawa, na sama da na ƙasa da na hagu da na dama. Wannan tsari ya fito ne daga hannun wani mutumin Japan mai suna Gunpei Yokoi, wanda ya mutu tun a 1997.

Yokoi ya yi shekara 31 yana aiki a kamfanin Nintendo. Ya shiga a matsayin mai kula da injinan buga karta, ya fita a matsayin mutumin da ya ɗora kamfanin a kan sana'ar da duniya ta san shi da ita. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa injiniyoyi shi ne bai damu da sabon abu mai tsada ba. Idonsa kullum yana kan abin da kasuwa ta gaji da shi, farashinsa ya faɗi, masu shi suna neman wanda zai rage musu asara. Sau da dama irin waɗannan kayan kwantai ne ya ɗauka ya sake musu aiki, kuma da su kamfanin ya fita daga bashin da ya kusa binne shi.

Haihuwa da karatu

An haife shi ranar 10 ga Satumba, 1941 a Kyoto, tsohon birnin sarakunan Japan, wata uku kafin ƙasar ta kai wa Amurka harin Pearl Harbor. Kyoto ta tsira daga ruwan bama-baman da ya cinye Tokyo da Osaka a Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka ya taso a garin da masaƙa da marina da sauran masu sana'ar hannu ba su watse ba. Mahaifinsa babban jami'i ne a wani kamfanin haɗa magunguna, gidansu kuma akwai rufin asiri. Tun yana yaro aka san shi da kwance kayan wasa yana sake ɗaurawa, musamman ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki.

Ya karanci fasahar lantarki a Jami'ar Doshisha da ke Kyoto, ya kammala a 1965. Sakamakonsa bai kai na zakaru ba, manyan kamfanonin lantarki da abokan karatunsa suka shiga kuwa ba su ɗauke shi ba. Sai ya nemi aiki a wani kamfani na kusa da gida wanda ke buƙatar mai takardar lantarki da zai riƙa duba injinansa.

Kamfanin nan, wato Nintendo, tsoho ne. Fusajiro Yamauchi ya kafa shi a 1889 domin yin wata kartar gargajiya mai zanen furanni da ake kira hanafuda, wadda 'yan caca suka fi kowa saye. A 1949 ragamar kamfanin ta koma hannun Hiroshi Yamauchi, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai zafin rai da saurin yanke hukunci. Ya samu ciniki a 1959 da ya fara buga karta mai hotunan Disney, amma bayan wasannin Olamfik na Tokyo a 1964 kasuwar karta ta mutu, hannun jarin kamfanin ya rikito daga yen 900 zuwa yen 60. Yamauchi ya gwada harkar tasi, ya gwada sayar da shinkafa mai saurin dahuwa, duk ba su yi albarka ba. A wannan hali Yokoi ya tarar da kamfanin.

Hannun da ke miƙewa

Aikin duba inji ba ya cin yini, don haka Yokoi yana da lokaci mai yawa da kayan aiki a gabansa. Wata rana a 1966 Yamauchi yana zagayen masana'anta ya gan shi yana wasa da wani abu da ya harhaɗa da kansa: sanduna da aka sarƙa da juna, idan an matse ƙarshensu sai su miƙe su cafko abin da ke nesa. Aka kira shi ofis. Ya tafi yana tsammanin faɗa, sai aka umarce shi da ya mayar da abin hajar sayarwa kafin cinikin ƙarshen shekara. An sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Daga nan aka ɗauke shi daga wurin inji aka ba shi sashen ƙirƙira. Ya fito da Ultra Machine, injin da ke cilla ƙwallo a cikin ɗaki, sannan a 1969 ya yi Love Tester, wata 'yar na'ura da mutum biyu za su riƙe su haɗa hannu, allura ta motsa wai tana auna soyayya, alhali lantarkin da ke ratsa fata kawai take aunawa. A 1972 ya yi wata motar wasa mai tafiya da rimot mai suna Lefty RX. Irin waɗannan motoci suna da tsada a lokacin saboda kayan da ke juya su hagu da dama. Yokoi ya lura cewa yara a da'ira suke tseren mota, don haka ya cire juyawar dama gaba ɗaya, motar ta riƙa tafiya gaba da hagu kurum, farashinta ya sauko inda talaka zai iya saya wa ɗansa.

Bindigar haske da rikicin mai

A ƙarshen shekarun 1960 wani ma'aikacin kamfanin Sharp mai suna Masayuki Uemura ya zo Nintendo tallar ƙananan ƙwayoyin da ke jin haske, irin waɗanda ake sakawa a farantin sola. Yokoi ya ga wani amfani dabam a jikinsu. Idan aka ɗora ƙwayar a kan abin bara, aka yi bindigar da ke fitar da haske a maimakon harsashi, to duk lokacin da hasken ya sauka daidai ƙwayar za ta ji, kwalba ta tarwatse ko zaki ya yi ruri. Bindigar ta fito a 1970 ta samu karɓuwa, daga bisani Uemura kansa ya baro Sharp ya dawo Nintendo.

A daidai wannan lokaci akwai wasu manyan gine-gine da suka zama kufai a biranen Japan. A shekarun baya mutanen ƙasar sun haukace a kan bolin, wasan da ake gara ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanyar katako domin a kayar da sanduna goma. 'Yan kasuwa suka ci bashi suka gina zaurukan wasan ko'ina, sai yayin ya wuce, zaurukan suka koma wayam. Yamauchi da Yokoi suka ga cewa dogon zaure marar kowa shi ne daidai wurin wasan harbi. Suka ƙera Laser Clay, inda ake haska hoton fayafayan yumɓu suna tashi a kan babban bango, mai wasa ya saita bindiga, na'ura ta faɗi ko ya samu. An buɗe na farko a 1973. An ruwaito cewa a ranar buɗewar na'urar ta ƙi aiki a gaban 'yan jarida, sai wani matashin injiniya mai suna Genyo Takeda ya laɓe a bayan bango yana sarrafa maki da hannu, babu wanda ya gane.

Oda ta yi ta shigowa, kamfanin ya zuba dukiyarsa a ciki. Sai ga yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Faɗuwar wani tashin wani. A Najeriya kuɗin mai ya ɓarke, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi ƙarin albashin nan na Udoji, ma'aikata suka karɓi ariyas suka sayi babura da rediyo, da yawansu ƙirar Japan. A can Japan kuwa, ƙasar da kusan duk man da take sha daga waje yake zuwa, tattalin arziki ya girgiza. Masu zaurukan suka soke odarsu, waɗanda suka riga suka karɓi kaya suka kasa biya. Nintendo ya wayi gari da bashin da aka ƙiyasta ya kai yen biliyan 5, wanda ya ɗauki kimanin shekara bakwai ana biya.

Majigi a cikin akwati

Yokoi bai yar da aikin ba. Ya rage girmansa yadda zai shiga gidajen wasa, wato zaurukan da ake jera akwatuna masu tsayin mutum, mai wasa ya jefa tsabar kuɗi a rami akwatin ya kunna. A 1974 ya fito da Wild Gunman. A wancan lokaci zanen da kwamfuta ke iya yi a fuskar talabijin bai wuce ɗigo da sanda ba, saboda haka ya koma ga abin da kowa ya riga ya sani, wato majigi. Ya sa aka ɗauki fim na gaske a kan zaren fim mai faɗin milimita 16, da 'yan wasa cikin shigar kaboyi, irin finafinan da masu zuwa sinima a Kano suka sha kallo a wancan zamani. Ɗan bindiga zai bayyana a allo yana fuskantar mai wasa. Da zarar idanunsa sun yi walƙiya, sai mai wasa ya zaro tasa bindigar daga kube. Idan ya riga shi, na'urar ta sauya zuwa zaren da ke nuna ɗan bindigar yana faɗuwa; idan ya makara, sai ya ga an harbe shi. An kai wasan har Amurka, kuma wasu irinsa masu amfani da fim, kamar Sky Hawk da Battle Shark, suka biyo baya.

Waɗannan akwatuna su ne farkon shigar Nintendo gidajen wasa. Sun kawo kuɗin da aka riƙa toshe ramuka da shi, amma ba su kai su kashe bashin ba. A 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, wanda ya mamaye Japan har shagunan shayi suka riƙa sauya teburansu da na wasan. Namco ya biyo da Galaxian a 1979 da Pac-Man a 1980. Nintendo ya bi sahu da nasa wasannin harbin jiragen sama jannati, sai dai a baya yake, yana kwaikwayon abin da wasu suka riga suka ci kasuwarsa.

Kwakuleta a jirgin ƙasa

Mafitar ta zo daga wani wuri dabam. Yokoi yana cikin jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, Shinkansen, ya hangi wani ma'aikaci da zaman ya gundura yana ta danna madannan kwakuletarsa ba tare da lissafin komai ba. Ya yi tunanin abin wasa ƙarami da babban mutum zai ɓoye a tafin hannu ya rage lokaci ba tare da jin kunya ba. A shekarun nan Sharp da Casio sun yi gasar karya farashin kwakuleta har gilasanta da ƙwaƙwalwarta suka zama kamar kyauta. Gilashin da ke nuna lamba, in an sauya zanen da ke cikinsa, zai iya nuna mutum yana cafe ƙwallo.

Yadda maganar ta isa kunnen shugaban kamfanin ma abin labari ne. Direban Yamauchi ya kwanta rashin lafiya, aka roƙi Yokoi ya tuƙa shi zuwa wani taro. Bai ji daɗin a mayar da shugaban sashe direba ba, amma a hanya ya kawo zancen. Yamauchi bai nuna ya ji ba. A wurin taron sai ya zauna kusa da shugaban Sharp, ya ba shi labari, bayan 'yan kwanaki manyan Sharp suka iso Nintendo da shirin aiki.

Game & Watch na farko ya fito ranar 28 ga Afrilu, 1980 a kan yen 5,800. Wasa ɗaya ne a ciki, da agogo, domin mai saye ya samu hujjar cewa abu mai amfani ya saya. An yi kusan iri 60, aka sayar da miliyan 43.4 a duniya. Da ribarsa aka gama biyan bashin zaurukan harbi, aka kuma samu jarin ayyukan gaba.

Akwatuna dubu biyu a sito

Ana cikin wannan sai wata asarar ta taso daga Amurka. Surukin Yamauchi, Minoru Arakawa, wanda ya buɗe reshen kamfanin a New York a 1980, ya yi odar akwatuna 3,000 na wani wasan harbi mai suna Radar Scope, ganin yadda ya samu karɓuwa a Japan. Kayan suka yi watanni a teku. Kafin su iso yayin irin wasan ya fara wucewa, aka sayar da kimanin 1,000, sauran 2,000 suka yi kwantai a sito. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa saro kayan Sallah suka iso bayan an sauko daga Idi ya san halin da Arakawa ya shiga. Jarin reshen gaba ɗaya yana cikin akwatunan nan.

Arakawa ya roƙi a aiko masa da sabon wasan da za a iya sakawa cikin tsofaffin akwatunan, a yi amfani da talabijin ɗinsu da katakonsu da mafi yawan kayan cikinsu. Manyan injiniyoyi duk suna da aiki a hannu. Yamauchi ya danƙa aikin ga wani mai zane ɗan shekara 28, Shigeru Miyamoto, wanda ya shigo kamfanin a 1977 kuma bai taɓa tsara wasa daga farko har ƙarshe ba, ya kuma sa Yokoi ya tsaya a kansa.

Da farko sun so yin amfani da Popeye, jarumin finafinan zane na Amurka, da budurwarsa da ƙaton da ke sace ta. Yokoi ne ya tuno da wani tsohon fim ɗin Popeye inda budurwar ke tafiya cikin barci a kan ƙarafan wani dogon gini da ba a gama ba, daga nan aka samo filin wasan. Da izinin amfani da Popeye bai samu a kan lokaci ba, Miyamoto ya sauya mutanen: ƙaton ya zama goggon biri, jarumin ya zama kafinta mai hula da gashin baki. Birin yana sama yana garo ganguna, kafintan yana hawa tsani yana tsallake su domin ya ceto yarinyar. Aikin Yokoi shi ne ya riƙa auna burin matashin da ƙarfin tsohuwar na'urar, ya nuna masa abin da za ta iya ɗauka da wanda sai an rage. Aka sa wa wasan suna Donkey Kong, ya fito a watan Yulin 1981.

Ma'aikatan reshen Amurka, wanda a lokacin ya koma yankin Seattle, ba su ga alamar nasara a wasan ba. Aka gwada shi a wata mashaya, sai ga akwatin yana tara kimanin dala 30 a rana, wato an buga shi sau 120 da tsabar santi 25. Arakawa da matarsa da 'yan ma'aikatansu suka zauna suka sauya cikin akwatuna 2,000 da hannu. Suka ƙare, aka nemi ƙari. Cikin shekara guda an sayar da kimanin 60,000 a Amurka, kuɗin da suka shigo ya kai dala miliyan 180. Kafintan kuwa, an ce sunan mai siton da suke haya, Mario Segale, aka laƙaba masa, bayan ya zo karɓar kuɗin hayar da aka yi jinkirin biya.

A 1982 aka so a mayar da Donkey Kong cikin Game & Watch. Sandar da ake juyawa a jikin babban akwati ba za ta shiga abin da ake ninkewa a saka a aljihu ba, don haka sashen Yokoi ya shimfiɗe ta ta zama madanni mai kusurwa huɗu wanda babban yatsa ke sarrafawa ba tare da an duba ba. A 1983 ya sake aiki da Miyamoto a kan Mario Bros., inda ya ba da shawarar a bar Mario ya diro daga kowane tsayi ba tare da ya mutu ba, abin da ya saki jikin wasan ya ba shi saurin da aka san shi da shi.

Da tsohuwar zuma ake magani

Yokoi yana da aƙidar aiki da ya riƙa koya wa na ƙasa da shi. A ganinsa, fasahar da ta tsufa ta riga ta yi arha, an san duk cututtukanta, masu gyaranta sun yawaita. Abin da ya rage shi ne a nemo mata aikin da ba a taɓa tunanin za ta yi ba. Ya kuma yi imani cewa injiniya yakan so ya cusa duk abin da ya iya a cikin haja domin a yaba masa, alhali mai saye daɗin wasa da sauƙin farashi yake nema. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, waɗanda ke ciro gilashi daga wannan matacciyar waya da fanel daga waccan su tayar da ta uku, ba za su ga baƙon abu a wannan tunani ba.

Babbar jarrabawar aƙidar ita ce Game Boy, wanda ya fito ranar 21 ga Afrilu, 1989 a kan yen 12,500. Shi da mataimakinsa Satoru Okada suka yi shi da fuska marar launi, mai ɗan kore-kore, a lokacin da fuska mai launi ta riga ta samu. Har a cikin kamfanin akwai masu yi masa dariya. Atari ya fitar da Lynx a shekarar, Sega ya fitar da Game Gear a 1990, dukansu masu launi da haske. Sai dai kowannensu batir shida yake ci, ya shanye su cikin sa'o'i kaɗan, ga tsada. Game Boy batir huɗu yake ɗauka ya yi sa'a 15 ko fiye. Wanda ke ajiye ƙaramar waya mai madannai a gefen babbar wayarsa saboda rashin wuta ya san wanne uba zai zaɓa wa ɗansa. Aka haɗa shi da Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, wanda kwaikwayonsa ne ke cikin 'yan na'urorin roba masu arha da suka cika kasuwannin Najeriya a shekarun 1990. Game Boy da ƙaninsa mai launi sun sayar da miliyan 118.69. Wani guda da ya ƙone a barikin soja lokacin Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya ci gaba da aiki, har aka ajiye shi shekaru ana nuna wa jama'a a shagon kamfanin da ke New York.

Faɗuwa da barin aiki

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1995 sashensa ya fitar da Virtual Boy, na'urar da ake ɗorawa a tebur a cusa fuska a ciki a ga hoto mai zurfi kamar na zahiri. Domin rage tsada, ja da baƙi kaɗai take nunawa. Masu wasa suka yi kukan ciwon kai da na wuya, farashinta a Amurka ya kusa dala 180, ga shi ba a iya yawo da ita, na kusa kuma ba ya ganin abin da mai wasa ke gani. An ruwaito cewa an gaggauta fitar da ita ne kafin ta nuna, domin kamfanin ya tattara ƙarfinsa a kan Nintendo 64. Wasanni 22 kawai aka yi mata, aka sayar da kimanin 770,000, aka daina yin ta cikin ƙasa da shekara guda. Mutumin da ya saba kwashe kwantan wasu ya wayi gari da nasa.

Bai tafi nan take ba. Ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, wanda ya fi na farko ƙanƙanta da kyawun fuska, ya fito a Yulin 1996 a daidai lokacin da wasan Pokémon ya sake farfaɗo da kasuwar na'urar. Ranar 15 ga Agusta, 1996 ya ajiye aiki. Jaridu suka danganta tafiyarsa da faɗuwar Virtual Boy. Shi da makusantansa sun bayyana cewa tun da daɗewa yake da niyyar barin aiki idan ya kai shekara 50 domin ya koma ƙirƙirar ƙananan abubuwa yadda ransa ke so, har ma ya makara. Ya kafa ƙaramin kamfani mai suna Koto a Kyoto, ya fara aiki da kamfanin Bandai a kan sabuwar na'urar hannu.

Mutuwarsa

Ranar 4 ga Oktoba, 1997 yana cikin mota tare da wani abokin harkarsa a kan babbar hanyar Hokuriku a jihar Ishikawa, motarsu ta bugi bayan wata motar ɗaukar kaya. Haɗarin bai yi muni ba. Suka fito domin duba ɓarnar, sai wata motar da ke wucewa ta kwashe shi. Ya cika a asibiti bayan kimanin sa'a biyu, yana da shekara 56.

Na'urar da ya bari a kan aiki, WonderSwan, ta fito a watan Maris na 1999, marar launi, mai aiki da batir ɗaya tak, kuma ɗaya daga wasanninta na farko an sa masa suna Gunpey domin tunawa da shi. A 2003 ƙungiyar masu ƙirƙirar wasanni ta duniya ta karrama shi da lambar yabo ta aikin rayuwa. Nintendo ya ci gaba da bin hanyarsa: DS na 2004 ya ɗauko siffar Game & Watch mai fuska biyu ya sayar da fiye da miliyan 154, Wii na 2006 kuma, wanda ƙarfinsa bai kai na Sony da Microsoft ba, ya haura miliyan 100. Miyamoto, yaron da aka ba shi ya kula da shi a kan akwatunan kwantai, ya zama mafi shahara a sana'ar a duniya.

A watan Oktoban 2024 kamfanin ya buɗe gidan tarihinsa a Uji, kusa da Kyoto, a harabar wata tsohuwar masana'antarsa da aka taɓa buga karta da gyaran na'urorin da suka lalace. Cikin abubuwan da aka tanadar wa baƙi su taɓa da hannunsu akwai Ultra Hand, sandunan da mai gyaran inji ya sarƙa a 1966 domin rage zaman banza.